Ƙarar da Baba Ya Sani

Shekarun baya, muna tsakiyar kakar rake, injin a-kori-kurar mahaifina ya buga a hannuna, a hanyar Kudan zuwa Makarfi. Fijo ce tsohuwa, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita Baba ya yi ta jigilar rake har ya aurar da mu duka. Da idonsa ya tafi sai ya miƙa mini makulli, ya koma zaman tabarma a ƙofar gida.

Motar nan ƙara gare ta kamar injin niƙa, ni har kunyar shiga gari nake ji da ita. Amma da wannan ƙarar Baba yake sanin dawowata. Tun ina kan kwalbatin bakin gari zai ɗaga murya ya ce wa mahaifiyata, "A zuba masa abinci, ya iso." Motoci nawa ke bin hanyar, bai taɓa kuskure ba. A duk yininsa, wannan ne aikin da ya rage masa.

Bakanike a Zariya ya nuna mini inji biyu. Ɗaya irin nata ne, amma shi ma ya sha wuya. Ɗayan ɗan Japan ne, Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, sai an yi wa mazauninsa walda kafin ya zauna. "Maigida," in ji shi, "wancan ba zai kai ka damina ba. Wannan kuwa sai ka gaji."

Na koma gida na zayyana wa Baba. Har na zaɓa a raina, amma na yi ta kewaye-kewaye kamar ban zaɓa ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai, raken mutane na bushewa a gona kana mini wa'azi? Sa mai ƙarfin."

Ranar da na ɗauko motar, tafiya take sumul, ina ta jin kaina. Na tsaya a ƙofar gida, na fito, na durƙusa na ce, "Baba, barka da yamma." Sai ya zabura.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

"Da ƙafa ka zo?"

Na kama hannunsa na ɗora a kan bonet, na sa ƙanena ya tayar. Ya daɗe yana saurare. Can ya ce, "Lafiyayye ne. Allah Ya sa albarka." Ya janye hannunsa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Daga nan ya daina fitowa da la'asar. Mahaifiyata ta ce cewa yake zaman ba shi da amfani. Na rasa yadda zan yi, har wata safiya ina shirin fita ya kira ni. "In ka hau kwalbati, ka danna ham, ka ɗan saki, ka sake dannawa. Ham ɗin dai ba ku canza ba ko?" Ba mu canza ba. Da yammar nan na same shi a kan tabarmarsa, abinci na jirana.

Haka muka yi ta yi har daminar da ta biyo, ya kwanta rashin lafiyar da bai tashi ba.

Bayan an share makoki na koma aiki. Ina dawowa daga Makarfi, na hau kwalbati, hannuna ya danna ham kafin in tuna. Na shiga gida na tarar da mahaifiyata, tana cikin takaba, zaune da kwano babu komai a ciki. Ta ce, "Na ji ka. Jira nake Malam ya ce a zuba." A ranar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Bakaniken bai yi ƙarya ba, injin yana nan har yau, kuma ban yi nadamar sa shi ba, don Baba ne ya zaɓa. Amma har gobe in na hau kwalbatin nan sai na danna. Yanzu mahaifiyata ce ke ɗaga murya ta ce wa matata a zuba, ya iso.