Muryar Baba a Cikin Filashi

Na daɗe ina naɗar hirar Baba a kan tsohon garinmu da ruwan madatsar Tiga ya cinye. Duk tana cikin kwamfutar shagona a Kiru, ita kuwa ta fara wani ƙas-ƙas da ke nuna kwananta ya kusa ƙarewa. Filashin da nake da shi ƙarami ne, ba zai ɗauke ta ba.

Abokaina suka ce in rage ingancin sautin in huta. Na ƙi, don ni mai taurin kai ne, gado na yi. Na samo wata manhaja da ke matse fayil ya ƙanƙance ba tare da ta zubar da komai ba, in ka buɗe ya dawo yadda yake. Aibinta shi ne nawa wajen aiki, kuma in wuta ta ɗauke sai a koma farko. Na zaɓi matsi mafi tsanani, na soka filashin don fayil ɗin ya sauka a cikinsa, na jona kwamfutar da batirin sola, manhajar ta fara jan ciki.

Ba ta yi nisa ba yayana ya kira daga Dangora. Baba ya rasu. Na ja ƙofar shago na hau acaɓa.

Bayan jana'iza muka zauna karɓar gaisuwa, kuma ɗan mamaci ba ya barin tabarma kafin sadakar uku. Damina ce, hadari ya rufe rana. Mutane na cewa, "Ya haƙuri?" ina cewa, "Da godiya," idona na kan sama. Na ji haushin kaina, na ji haushin gajimaren. Da na yunƙura sau ɗaya, kawu, yayan Baba, ya dafa gwiwata.

"Ina za ka? Mutanen Doguwa na hanya."

Na koma na zauna. Ta ina zan fara ce masa muryar ƙaninsa na can a shago, rabi a matse, batiri na mutuwa?

Da aka tashi na koma Kiru, na tarar da kwamfutar a mace, ba ta sake tashi ba. Na zare filashin na kai shagon maƙwabci, muka buɗe. Ashe manhajar ta gama kafin batirin ya mutu.

Komai na nan, har tarinsa da carar zakaran gidanmu. A ƙarshen hirar ya yi gyaran murya ya ce, "To, ya isa haka. Tashi ka tafi aikinka."

Na kasa tashi daga bencin shagon.