Neman Dunƙulen Man Shafawa a Guri

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da ƙanwata da mijinta, shi ke tuƙi. Masu bibiyata kun san ina da ɗan shagon kayan shafe-shafe, amma ba kasuwa ce ta fitar da ni wannan karon ba. Hajiyarmu ce. Tana da ciwon suga, ga faso ya kama dugaduganta. Likita ya ce kada a kuskura a bar ƙafar ta bushe, domin rauni a jikin mai suga ba ya da ƙarami. Duk man da ke shagona na gwada mata. Wani ya sa ta ƙaiƙayi, wani ƙamshinsa ya sa mata ciwon kai, wani kuwa kafin ta taka zuwa bakin ƙofa ya bushe. Sai wata maƙwabciyata 'yar Haɗejiya ta ba ni gutsuren wani mai, dunƙulalle kamar sabulu, ta ce wasu mata ke yin sa a wajen Guri. Shi kaɗai ya karɓi Hajiya, ga shi ya ƙare.

A Gujungu muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Daga nan hanya ta yi kyau, sai ɗan ramuka jefi-jefi. Wajen Kaugama muka iske ana yankan riɗi, an jingina dammuna a tsaye cikin gonaki suna bushewa. Kankana kuwa a bakin titi kamar a ce kyauta. Ƙanwata ta yi ta saye har mijinta ya tambaye ta ko mu za a bari a hanya.

Haɗejiya tun kafin ka ga kasuwar kifi hancinka ya sanar da kai. Banda ce jibge a kwali-kwali, ana ɗaure ta za a kai Kudu. Na zaci zan sami kifi a arha, ashe manyan motocin da ke kwasar sa sun riga sun koya wa masu shi daraja. Duk da haka mun sha farfesun tarwaɗa da ban taɓa shan irinsa ba. A gefe guda na ga wasu baƙaƙen abubuwa a tsire, na matsa zan taya, aka ce mini kwaɗi ne busassu, su ma Kudu za su. Na ja da baya cikin mutunci.

Daga Haɗejiya zuwa Guri ido ba ya hutawa da kallon ruwa. Shinkafa ta nuna ta sunkuya, tsuntsaye farare suna bin masu yanka, ga kachalla, doguwar ciyawar nan da ke cinye hanyoyin ruwa, ta yi duhu a wurare da yawa. Ƙauyen da muke nema sai da kwalekwale. A wata kwana da ruwa ya lafa, robobi da ledoji sun taru sun yi tsibi. Mai kwalekwalen ya ture su da gora, ya ce kullum sai sun tsince su a cikin koma. Na ga robobin mai irin waɗanda nake sayarwa a cikinsu.

Matar da aka tura mu wajenta ana ce mata Ya Fanna, dattijuwa doguwa mai sanyin magana, Hausarta da ɗan gishirin Barebari. A tsakar gidanta mata suna zaune suna fasa ƙwallon aduwa don a tatsi mansa. Ta fito mana da mayukan a faifai, kowanne zagayayye mai tudu, domin a tandar waina suke zuba shi ya daskare. Mijin ƙanwata ya miƙa hannu da bisimilla, sai da matan suka tuntsure da dariya ya gane ba tarbar baƙi ba ce.

Iri biyu ta nuna mini. Akwai mai tauri wanda kakin zuma ya yi masa yawa, na masunta da masu aikin shinkafa, ruwa ba ya saurin wanke shi. Akwai mai laushi da aka sa wa turare, na 'yan mata.

"Wa za ki saya wa, 'yata?" ta tambaye ni.

Na gaya mata halin da Hajiya ke ciki.

"To duk cikin nan babu nata. Nata mai laushi ne marar turare, kuma ya ƙare jiya."

Na tuna nisan hanya, na tuna ƙafar Hajiya. Ya Fanna ta dube ni, ta dubi rana, sannan ta ce a hura wuta.

Haka muka yini. Aka narka kakin zuma a hankali, aka zuba man kaɗanya wanda suke sarowa daga wajen fatake, aka ƙara man aduwa da ɗan man riɗi. Ni aka ba muciya. Da aka zuba a tanda, sai aka ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, domin zafin garin ba ya barin abu ya daskare da wuri. Muna jira aka kawo mana burabusko da miyar kifi.

Da ya yi, ta ɗora mini ɗaya a tafin hannu.

"Riƙe shi kamar kina gaisawa da mutum. In ya fara sakin jiki kafin ku gama tambayar mutan gida, ya yi. Ki shafa mata bayan wanka, jiki da ɗan damshi. Amma inda ya riga ya tsage, wannan na likita ne, kada ki sa."

Na tambaye ta ko ba za su riƙa zuba shi a roba ba don ya yi kyan gani. Ta ce roba sai an sayo, kaba kuwa ga ta nan bayan gida. Cikin ɗan adudun kaba mai murfi suke sa shi, in man ya ƙare adudun ya zama na ajiye allura. Na ɗebi na Hajiya, na ƙara wasu don in gwada a shago.

A Haɗejiya muka kwana, washegari muka kamo hanya. Ƙanwata ta ajiye nata mai turaren a gaban mota inda rana ke duka, kafin Ringim ya koma miya. Har yau motar ƙamshi take yi.

Mun iso gida da azahar. Yanzu kullum bayan wanka ni ke shafa wa Hajiya, ƙafar ta yi laushi, likita ma ya ce a ci gaba. A shago wasu sun ɗauka sun juya sun ajiye, wasu sun saya, har mutum biyu sun dawo nema.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin ka zaɓi mai, ka san fatar da za a shafa wa, ka san abin da aka zuba a ciki, ka kuma tambayi kanka ina mazubin zai je in ya ƙare. Na daɗe ina sayar da mai, amma sai a Guri aka fara tambayata wa zan saya wa. Yanzu ni ma da wannan tambayar nake tarbar duk wadda ta shigo shagona.