Hannun Rariya

Ranar kasuwar Yelwa ce, da damina, shekarar da na shiga aji biyu. Baba ya dawo daga kamun kifi, ya ɗora mini ƙwarya cike da tarwaɗa in kai wa Inna. Ban yi nisa ba santsi ya kwashe ni, ƙwarya ta kife, kifayen kuwa ko sallama ba su yi mini ba suka sulale kogi. Kaka na zaune a gindin bishiya, ta dube ni ta ce, "Wagga ɗiya, hannun rariya gare ta."

Shi ke nan, suna ya bi ni, kuma abin haushi ni ma na yarda. Da an miƙo mini abu an ce "riƙe da kyau", sai ya suɓuce mini tun bai gama shiga hannuna ba. Na fasa tulu, na fasa gilashin fitila, a makaranta na saki ƙararrawa a kan ƙafar hedimasta. A gida aka raba ni da duk abin da ke fashewa, aka bar mini tsintsiya da ɓare albasa. Da yayata ta haihu na miƙa hannu in ɗauki jariri, Inna ta ce, "A'a, dube shi dai daga nan." Na yi dariya tare da kowa, sannan na zaga bayan rumbu na sha kukana.

Sai da na tafi koyon aikin ungozoma, inda ba wanda ya san Kaka balle tarwaɗa, na ga abin mamaki. Malama ta miƙo mini jariri, santsinsa ya fi na kifi, ba ta ce "riƙe da kyau" ba, na karɓe shi lafiya lau. Shekara da shekaru ina karɓar haihuwa a garin Wara, ko almakashi ban taɓa yarwa ba. Amma in na zo gida hutu Inna ta ce "a hankali dai", to kofin shayi ya gama yawo. Ashe rariyar ba a hannu take ba, can cikin zuciya take kwance, muryar gida ke tashinta.

Yanzu Kaka ta daɗe da rasuwa, Inna ta tsufa, ƙafa ta ƙi. Ga ƙannena nan ƙarti majiya ƙarfi, amma in za a tashe ta ta yi alwala sai ta kore su: "Ku bari Hajo ta taho, ku kada ni za ku yi." Nakan tallabe ta, in ji ta sakar mini jikinta gaba ɗaya, ba gargaɗi ba harara. Ni kuwa, wallahi, har kewar faɗan nake yi.