Hoton Jinjirin Gidan Hajja Rabi

Har gobe ban manta da wata safiyar Talata ba, cikin damina, a shekarun da Fesbuk ya shigo ƙauyenmu kusa da Mai Wurno. Ina ba ku labarin ne ku ƙannena da kuka shigo aikin nan da waya a hannu, don mu da jaka kawai muka shigo shi.

Ni daya ce, wato ungozoma mai takarda. Na daɗe ina aiki a ƙaramin asibitinmu da muke kira markaz, kafin na ajiye na koma kula da gidana. Tsarinmu shi ne, yarinya in ta gama makarantar ungozoma sai a haɗa ta da babbar daya na wasu watanni. Babbar ta rubuta rahoto a kanta, zaira, wato jami'ar da ke duba aikinmu, ta sa hannu ta kai ofis a Sennar. Da wannan rahoto ake ɗaukar mutum aiki, ba shi kuwa sai zaman gida.

Wadda aka ba ni sunanta Najat. Hannunta sanyi gare shi, ga tsabta, ga sallah a kan lokaci. Saura mako biyu na rubuta rahotonta.

Ranar, da hantsi, aka kawo Amna, surukar Hajja Rabi. Shekara tara da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, mijin kuma yana aiki a Hartum. Na ga naƙudar na tafiya daidai, sai na ja baya na bar wa Najat. Ita ta karɓi yaron, ita ta yanke cibi. Kawunsa ya shigo ya yi masa kiran sallah a kunne, muka yi hamdala.

To, ga al'adarmu. In haihuwar fari ce, dayar da kanta take takawa gidan uwar miji ta kai albishir, kafin kowa ya ji. Na wanke hannu, na yafa tob ɗina, wato mayafinmu, na kama hanya ina tsallake taɓo, ina ta shirya yadda zan tsokani tsohuwar.

Na same ta zaune a kan gado a rumfa, maƙwabciyarta tsaye da waya a hannu. Na ce, "Hajja, albishirinki!"

Ba ta amsa da goro ba. Ta ce, "Zainabu, mi kika zo gaya mani? Namiji ne, yana da gashi, an naɗe shi da zane shuɗi. Wani mutum a Bur Sudan ya riga ni ganin jikana, har ya rubuta mabruk, wai yana mana barka."

Aka miƙo mini wayar. Hoton jinjirin ne a shafin Najat, ta rubuta da Larabci: haihuwa ta farko da na karɓa, ku taya ni addu'a. A bayan yaron kuma ga rabin fuskar Amna, kanta ba ɗankwali, gashi a warwatse.

Kafin na koma markaz, zaira ta riga ta gani, don ita ma tana cikin ƙawayen Najat a shafin. Ta kira ni a waya ta ce, "Ya Zainab, rahoton yarinyar nan ba zai je Sennar ba. Wadda ba ta rufe asirin ɗaki ba, ba zan ba ta matan mutane ba."

Na ce, "Sister, kuskure ta yi, ba mugunta ba. Ki ba ni kwana bakwai."

Ta ce, "Na ba ki. Amma sai iyalin sun zo sun yafe da bakinsu."

Najat na ta kuka tana cewa, "Hala Zainabu, na goge wallahi, na goge." Na ce mata gogewa ba ta dawo da abin da aka riga aka tura wa wasu. Na ce ta share hawaye, ta ɗauki jakarta, mu tafi.

Ta durƙusa gaban Hajja Rabi, ta fara ba da haƙuri da Larabci, don Hausarta ba ta da ƙarfi. Tsohuwar ta ce, "Yi mani da Hausa, ɗiyata, in ji ko daga zuciya ta hito." Najat ta yi ta haɗa kalmomi da ƙyar har matan gidan suka soma danne dariya. Sai Hajja ta miƙa hannu ta ce, "Kawo wagga aba." Ta karɓi wayar ta tura ƙarƙashin matashinta. Ta ce kullum da safe Najat ce za ta zo ta duba cibin yaro da jikin mai jego har ranar suna, kuma duk zuwa a ƙofa Najat za ta riƙa miƙa mata wayar. Amna kuwa, da aka riga aka dawo da ita gida, ta juya fuska bango.

Haka aka yi. Ina binta ina kallo, ban sa hannu ba. A rana ta huɗu Najat ta lura jikin Amna ya yi zafi, nono ya kumbure. Ba ta jira ni na faɗa ba, ta gasa mata, ta nuna mata yadda za ta riƙe yaron, ta je ta kira ma'aikacin lafiyar markaz. Washegari na ji Amna ta ce da ita, "Zauna ki sha jabana mana." Da na ji tayin gahawar nan, na san an fara sauka.

Ranar suna, bayan an yanka rago, Hajja Rabi ta zaro wayar ta miƙa mata. Ta gyara lulluɓinta, ta rungumi jikan, ta ce, "To, sarkin hoto, yanzu ɗauka. Ubansa kaɗai za ki tura wa, ba a ba shi hutu ba. In na ji mutumin Bur Sudan ya gani, ni da ke ne." Gida ya ɗauki dariya.

Washegari tsohuwar ta tako da sandarta har markaz, ta faɗa wa zaira cewa ita da Amna sun yafe. Na rubuta rahoton, kuma ban ɓoye kuskuren ba, na sa shi a layi na farko, na bi shi da abin da na gani a kwana bakwai. An ɗauki Najat aiki.

Abin da na koya shi ne, mu a ɗakin haihuwa muna ganin mace a halin da ko mijinta bai gani ba, kuma wannan gani amana ce da Allah zai tambaye mu. Masu ɗaukar aiki ma yanzu suna leƙa shafin mutum kafin su buɗe takardunsa. Ban ce ku jefar da waya ba. Najat ce dayar ƙauyenmu a yau, kuma da wayar take tura wa masu ciki saƙon murya, da Hausarta da ta gyaru, tana tuna musu ranar awo. Amma ku je ku gani: a bakin ƙofar ɗakin haihuwa take kashe ta ta jefa a jaka. Albishir kuwa, da ƙafa take kai shi.