Kailu Magagi da Maganin da Bai Iso Shi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Maris na 1974, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Kailu Magagi, malamin dabbobi na Filinge, a gidansa da ke bayan kasuwa. Ina koyarwa cikin aji a lakwal, wato makarantar boko, ta Bonkuku labarin ya iske ni. Kafin in samu mota in iso, an riga an kai shi makwancinsa.

Kailu, tare muka yi lakwal, tare muka tsaya a filin gari ranar da aka ɗaga tutar ƙasarmu. Mu muna ta tafi da sowa, kai kuwa ka ja hannun rigata ka ce, "Alhassan, yanzu dai allurar shanu za ta kai har ruga." Na yi maka dariya a lokacin. Amma abin da ka sa gaba ke nan, kuma ka yi shi. Shekarun da ake yaƙi da bushiya, cutar nan da ke share garke, babu rijiyar da ba ka kwana a bakinta ba daga Tondikandiya har Imanan. Ka yi Zabarmanci da Bazabarme, ka yi Fillanci da Bafillace, har makiyayan da ke gudu da shanunsu in sun hango ma'aikaci suka koma su ke aiko maka.

Na tuna wata tsohuwa a Damana, Jummai, wadda saniyarta guda ce tak, da nononta take ciyar da jikoki. Saniyar ta kasa haihuwa. Ka tuɓe riga, ka durƙusa cikin kashin shanu tun hantsi har rana ta karkata, ka fid da maraƙi da rai. Ta kawo maka zakara, ka karɓa don kada ka kunyata ta, ka sa aka yanka aka dafa a tukunyarta, kuka ci tare da jikokin.

Sai fari ya zo. Ciyawa ta ƙare, ƙasar Kurfai ta cika da mushe, shanun da suka rage suka dinga ɓari. Kai ne ke sa hannu tsirara kana ciro matattun maruƙa daga cikin iyayensu don a ceci uwar, saboda safar hannu ta daɗe da ƙarewa. A nan ka ɗauki cutar. Da farko zazzaɓi ne mai zuwa yana tafiya, da gumi, da ciwon gaɓoɓi. Ka sha kinin, ka ci gaba da aiki. Da numfashi ya fara gagararka, matarka Laraba ta tsaya kai da fata sai da aka kai ka Yamai.

Na je duba ka can, likita ya yi mana bayani a gabana. Ya ce ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari ce ta shiga jininka, ta je ta maƙale a wani ɗan murfi cikin zuciya, wanda ke buɗewa yana rufewa don jini ya wuce, tana cin sa. Ya ce ba kasafai take kaiwa nan ba, shi ma sau ɗaya ya taɓa gani. Magani iri biyu ne: allura kullum har wasu makonni, da kafso mai ja da rawaya da za ka yi watanni kana sha. Ya ɗaga yatsa ya ce ko ka ji ka warke sarai, kada ka tsallake ko yini ɗaya, domin ƙwayar tana ɓuya ne, in aka sassauta mata sai ta dawo da ƙarfi.

Ka jure allurar, duk da ta taɓa maka kunne har sai an ɗaga murya kake ji. Zazzaɓi ya sauka. Ka dawo Filinge da ƙafarka, ka je masallaci, ka ci tuwo ka nemi ƙari. Saura kafso kawai, wanda za a riƙa karɓo maka daga Yamai duk wata. Ka damƙa wannan amana a hannun Tahiru, ƙanen Laraba, mai tuƙa motar hatsin agaji. A gidanka ya girma. Kai ka kai shi koyon tuƙi.

Dattawan unguwa sun roƙe ni kada in rubuta abin da ya biyo baya. Na saurare su da ladabi, kuma zan rubuta.

Bayan wata biyu zazzaɓin ya dawo. Ƙafafunka suka kumbura, ka daina iya kwanciya sai dai ka jingina da bango. Kana shan maganinka a kan kari, muna ta mamaki. Wata safiya kafso ɗaya ya suɓuce daga hannun Laraba ya faɗi bayan randa, bai ganu ba. Da la'asar ta tarar kiyashi sun yi masa cincirindo. Ta ɗauka ta buɗe, ta ga gari fari, alhali na gaske rawaya ne mai ɗaci. Ta ɗanɗana. Garin madara ne, irin wanda ake rabawa a sansanin masu gudun yunwa. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku, ta zazzage kwalbar duka a faifai. Madara ce.

Da aka bincika, ashe Tahiru yakan tsaya a Baleyara ranar kasuwa. Can makiyayan da idonsu ya rufe suke neman duk abin da za su ɗura wa shanunsu masu mutuwa. Shi yake zama ya buɗe kafso ɗaya bayan ɗaya, ya juye maganinka a takarda ya sayar masu, ya cika kwanson da madara, ya rufe, ya goge, ya kawo maka da hannu biyu yana cewa, "Allah shi ƙara sauƙi, Yaya." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne natsuwar da aikin ke bukata. Wannan ba fizge ba ne na mai jin yunwa. Mutum ne ya zauna a inuwa, ya sa yatsunsa a hankali, yana sane da wanda zai haɗiye, ya sake yi wata mai zuwa. Har yau in na ga garin madara sai in kau da kai.

Ina wurin ranar da Laraba ta gaya maka. Sai ka ce, "To, shanun da anka ba, sun tashi?" Ka girgiza kai ka ce, "Ba su tashi. Yunwa ce ke kashe su, ba cuta ba."

An samo magani na gaske, an sake fara allura, amma likita ya aiko cewa murfin ya riga ya lalace, aikin da zai gyara shi kuma ba a yin sa a ƙasar nan. Ka ce a bar ka gida.

Ranar sadakar uku na ga abin da ban taɓa zato ba. Tahiru ya zo da sabuwar riga, ya zauna a tabarmar gaba, ya fi kowa share hawaye, mutane suna miƙa masa hannu suna yi masa gaisuwa. Waɗanda suka san komai su ne suka matsa suka ba shi wuri, wai a rufa asirin zumunci. Wasu manya kuma, da ba su taɓa tambaya ko kana da safar hannu ba, suka iso da mota suka yi jawabi a kan sadaukarwarka. Na tashi na koma waje. Da Tahiru ya nufi cikin gida, Laraba ta tsaya a ƙofar zaure cikin kayan takaba, ta ce, "Nono guda munka sha, ba ni musun wannan. Amma gidan ga ba ka ƙara taka shi." Ta faɗa a gaban kowa, ba ta ɗaga murya ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Kailu, ka yafe masa kurakuransa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Inna Muna, da 'ya'yansa Yahaya da Dijatu da Haske, da makiyayan Kurfai da suka yi tattaki da ƙafa don su yi masa addu'a. Ke kuma Laraba, da kika rasa miji da ɗan'uwa a wata guda, Allah ya ba ki haƙurin ɗaukar duka biyun. Amin.

Alhassan Ibrah
Bonkuku