Wake a Tsakiyar Fili

Asabar ta ƙarshe a watan Satumba, ƙarfe shida da rabi na safe, mu goma sha biyu muka tsaya a bakin filin ƙwallonmu da ke kan hanyar Bwari. Akwai kyaftin ɗinmu, Bakatsine mai sayar da siminti da rodi a Dei-Dei. Akwai golanmu, ma'aikacin gwamnati ɗan Filato, wanda ban taɓa ganinsa a filin babu safar hannu ba, ko da taro kawai aka kira. Akwai ni, alƙalin wasa, muƙamin da aka ba ni bayan gwiwata ta hagu ta daina gudu. Sauran taran duk sun haura hamsin. Wata biyu rabonmu da wurin. A tsakiyar filin, daidai inda ake ajiye ƙwallo a take wasa, wake ne kunya goma sha huɗu, kore shar, har ya zuba 'ya'ya.

Filin ba namu ba ne. Fegi ne da aka ba wani don ya yi gini, bai yi ba, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa. Abin da ya yi kawai shi ne katanga ta gefe ɗaya da ɗakin kwano, ya ajiye mai gadi, wani tsoho daga ƙauyukan Zariya da muke kira Baba. Mu muka kafa turakun raga, Baba bai hana ba. Duk shekara in marka ta kankama a watan Agusta, filin kan koma fadama, sai mu tafi hutu har ƙarshen Satumba. Duk shekara kuma Baba kan shuka masara a gindin katanga, kamar kowane mai gadi a Abuja. Bana ya faɗaɗa.

Kyaftin ya kira shi. Ya fito yana ɗaure mazagi.

"Baba, mene ne wannan?"

"Wake ne, Alhaji."

"Na ga wake ne. Me ya kawo shi nan?"

"Nan ne tudu. Ko'ina ruwa na kwanciya, ban da nan. Kuma kun riga kun zana mini da'ira, ban sha wahalar awo ba."

Na zagaya na duba. Gaskiya ya faɗa, ko taƙi ɗaya bai tsallake layin farar ƙasar ba.

Gola ya ce, "Oga kyaftin, ka bar shi mana. Tun bara muna neman ɗan tsakiya wanda ba ya barin wurinsa."

Kyaftin bai yi dariya ba, kuma yana da dalili. Kowace shekara, Asabar ta uku a watan Oktoba, muna karawa da dattawan Nyanya. Bara a gidansu aka yi, suka ci mu, shugabansu ya yi wata guda yana bugo wa kyaftin waya don ya tambaye shi lafiyar iyali. Bana mu ne masu masauki, saura mako uku. Baba ya ce wakensa mako huɗu yake nema, kuma da shi iyalinsa za su ci har bazara. Kyaftin ya ce yana da abokin ciniki mai katafila, ranar Litinin za ta zo ta share wurin.

Muka zauna a gindin mangwaro. An yi awa guda ana magana, kowa ya yarda fili na ƙwallo ne. Amma da aka tashi motsa jiki, sai na lura kowa yana ratsewa in ya zo da'irar. Dukkanmu 'ya'yan manoma ne, Musulminmu da Kiristanmu, kuma kowannenmu ya taɓa shan duka yana yaro a kan taka shuka. Ƙafa ta fi kai riƙe irin wannan karatun. Don haka na rubuta doka ta wucin gadi, kafin katafila ta zo: za a take wasa daga gefen da'ira, in ƙwallo ta faɗa cikin wake, jifa ne ga ɓangaren da bai buga ta ba, Baba ne kaɗai zai ɗauko ta, da gorar da yake tsinkar mangwaro da ita.

Litinin ta zo, katafila ba ta zo ba. Kyaftin ya ce wata Litinin ɗin. Wasanmu kuwa ya sauya kama. 'Yan tsakiyarmu biyu, ɗaya ya koma arewa da wake, ɗaya kudu, suna kiran juna da ƙarfi kamar masu gaisawa a tsallaken rafi. Mutanen da suka shekara talatin suna tura ƙwallo a ƙasa suka koyi ɗaga ta sama.

Wanda bai zauna a Abuja a wannan lokacin na shekara ba, zai ɗauka damina ƙarewa take yi rana ɗaya. Janye jiki take yi a hankali. Da safe raɓa ta jiƙa ciyawa har takalmi ya yi nauyi. Da hantsi rana ta buɗe da zafi mai ɗanko. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya yi walƙiya da tsawa, mata su kwashe shanya, sannan sau da yawa ya wuce bai zubar da komai ba. Ran da aka ce ba zai yi ba kuma, ran nan zai kwashe rufin wani.

A nan ne maganar ta biyo ta kaina. Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, a ƙarshensu kuma ina karanta hasashen yanayi. Kyaftin yana so ruwa ya ɗauke fili ya bushe. Baba yana son ruwa ɗaya tak, sannan rana. Wata Lahadi ya zo har gidana da dafaffiyar gyaɗa a leda, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Malam, ruwa ɗaya nake so. Ranar Laraba. Daga nan a rufe."

Na yi masa bayani dalla-dalla cewa takarda ake miƙo mini in karanta, ba ni nake rubuta ta ba, wanda ya rubuta ma ba shi yake saukar da ruwan ba, kuma ni na yi ritaya. Ya saurara har na gama.

"Haka ne, Malam. Allah ne mai yi. A dai duba mana."

Ruwa ya sauka ranar Alhamis da asuba. Baba ya aiko mini cewa kwana ɗaya ba komai ba ne, ya san aiki ya yi mini yawa. Kyaftin ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata da hannu kawai.

Ana jibi wasa katafila ta zo a bayan babbar mota. Direban ya sauko, ya tsuguna ya dubi waken, ya tambayi mai shi. Ya ce shi dai bai taɓa ture abinci ba, kuma ba zai fara a kan na tsoho ba. Don kada zuwansa ya zama na banza, ya baje wani suri da ke kusurwar yamma, ya tafi. Daren bai yi ba kyaftin ya sanar da cewa dokar wucin gadi ta motsa jiki ce, ranar wasa babu ita. Duk inda ƙwallo ta faɗa, a bi ta.

Dattawan Nyanya sun iso ƙarfe huɗu da rabi, cunkoson hanya ya riƙe su. Shugabansu, tsohon direba a tashar garin, ya zagaya da'irar hannu a baya. Bai tambayi dalili ba, irin waken ya tambaya. Da na faɗa masa an soke doka, ya ce, "Filinku ne. In kun taka, mu taka." Baba ya jawo benci ya zauna a bakin layi, gora a kan cinya. Bai roƙi kowa ba. Kafin in hura usur aka tambaye ni ko za a yi ruwa. Na duba waya, na ce ana sa ran yammaci mai rana, babu alamar ruwa.

Minti talatin-talatin muke yi. Zagayen farko ya ƙare kowa da ci ɗaya, kuma mutum ashirin da biyu sun yi rabin awa suna gudu ba wanda ya bari ƙwallo ta kusanci tsakiya. Bayan hutu, da minti takwas, golanmu ya doka ta sama. Iska ta juyo daga gabas, ta riƙe ta, ta sauke ta a kwarin kunya ta bakwai.

Ban hura usur ba, domin babu dokar da za ta sa in hura. 'Yan wasa suka rugo, suka tsaya cak a kan layi, suka zagaye da'irar suna haki. Ɗan bayan Nyanya ya ce wa namu, "Bismilla, ai kai ka fi kusa." Namu ya ce ai baƙo ake fara ba wa.

Kyaftin ya ture mutane ya zo. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Ya zauna a ƙasa ya kwance takalmansa, ya ajiye su a bayan layi, ya shiga ta kwarin kunya a karkace, yana kare reshe da bayan hannu. Ya isa wurin ƙwallo. Daga inda yake ana ganin ragar Nyanya sarai, golansu ma ya baro ta ya zo kallo. Sai ya sunkuya, ya wuce ƙwallon, ya tsinki wake ɗaya ya girgiza a kunne. Muka ji ƙararsa. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda sama ta fara yin baƙi.

"Baba, waken nan ya bushe. Ka ce saura mako."

"Rana ta yi sauri, Alhaji. Gobe na so in fara roro, in kun bar mini shi."

"In ruwan can ya same shi, baƙi zai yi." Ya juyo wurina. "Malam, ka ce ba ruwa?"

"Haka aka rubuta."

"To, za a yi." Ya cire rigarsa ya ƙulle hannuwanta ta zama buhu. "Ku cire takalma. Busasshe kawai, ku bar ɗanyen."

Shugaban Nyanya ya riga kowa shiga, yana cewa an ga hannun mutanen Dei-Dei, siminti ya sa sun manta roro. Kyaftin ya ce direba ya yi ta kansa, kada ya ɗauko ganye fiye da fasinja. Gola ya gwada da safar hannu, ya kasa, ya cire ta. Ran nan na fara ganin yatsunsa. Baba yana ta kai da kawo tsakanin da'ira da ɗakin kwano, yana juye riguna ja da shuɗi a kan tabarma, yana cewa, "Sannunku, ranku ya daɗe. Waccan kunyar an bar baya."

Ni ban tsayar da agogo ba. Ƙwallo ba ta fita fili ba, ba wanda ya taɓa ta da hannu, ba wanda ya yi wa wani ƙeta. Da minti talatin suka cika na hura tashi. Ba wanda ya ɗago, saura kunya biyu. Suna gama su ɗigon farko ya faɗi, manya-manya, sannan sama ta ɓalle. Mu ashirin da huɗu muka cusu a ɗakin kwano da bakin ƙofarsa, ƙafa ba takalmi, kowa yana ɗage ƙafa kada ya taka tulin wake. Baba ya matso kusa da kunnena saboda ƙarar kwano.

"Malam, na gode da ka riƙe mana shi har muka gama."

Na fara yi masa bayani, na ga ba ya jina, na bari.

Wannan ne ruwan ƙarshe a shekarar. An rubuta sakamakon wasa ɗaya da ɗaya. Baba ya tafi gida da buhu biyu a farkon Nuwamba, ya bar wa tumakin maƙwabta harawa. Da damina ta zagayo ya sake shuka da'irar, da irin da kyaftin ya sayo masa daga Katsina, aka kuma matsar da wasanmu da Nyanya zuwa Asabar ta farko a watan Nuwamba.