Ranar da Na Ɓace, Ka Fito

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, matarka ta kira ni a waya ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Ina tsaye a ofishin makarantar da nake aiki, riƙe da fayil ɗin wani ɗalibi. Ban san inda na ajiye shi ba, sai bayan kwana huɗu aka tsince shi a kan taga. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya nufa. Kai dai ka riga mu isa.

Ni ba gwanin magana ba ne, ka fi kowa sani. Tun muna sakandare nake rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, shi ya sa ka laƙaba mini Akawu, sunan ya bi ni har yau. Amma wannan rubutun sau uku ina farawa ina yagawa, don ina tsoron kada in rage maka wani abu. Daga ƙarshe na ɗauko littattafan nawa na baje su a tabarma, na ce abin da na gani da idona shi zan faɗa.

A aji biyu aka taɓa sa ni in yi karatu a gaban dukan makaranta. Na riƙe takarda, murya ta ƙi fita, aka fara ƙus-ƙus. Sai kawai ka sulale daga kan benci ka faɗi ƙasa tim, ƙafafu a sama. Dariya ta koma kanka, ka sha bulala shida, ni kuwa aka manta da ni. Ka ce santsi ne ya kwashe ka. Ban taɓa yarda ba. Da mahaifina ya rasu kuma, ka ɗauki hutu ka zo garinmu ka yi mako guda. Kai ne ɗebo ruwa, kai ne shimfiɗa wa baƙi tabarma, har wata gwaggona ta tambaye ni ko kai ɗan ɗakin babanmu ne da ba a gaya musu ba.

Bayan makaranta ni na zauna a ƙaramin garinmu, kai ka tafi birni ka zama direban bas. Shekara goma sha tara ka yi a kan sitiyari. Abokan aikinka suka sa maka suna Lallaɓa, don ba ka taɓa taka birkin da zai sa fasinja ya gwara kai ba, kuma idan ka hango tsohuwa tana ƙoƙarin cim ma mota sai ka jira ta, ko da na ciki suna tsaki. Duk wayar da muka yi, da magana ɗaya kake rufewa: “Akawu, yaushe za ka zo in ciyar da kai?” Shekara goma sha ɗaya ina kawo uzuri. Gaskiyar ita ce tsoron birnin nake ji.

Shekara uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ka. Allah Ya taƙaita, likita ya ce da sanda za ka iya tafiya, kuma a cikin ɗaki kana tafiyar. Amma wata takwas cur ba ka sauko daga benenku ba. Abokan aiki su kira, ka ƙi ɗauka. Ba ka son waɗanda suka san ka da ƙarfinka su gan ka kana jan ƙafa. Likita kuwa ya gaya wa matarka cewa in ka ci gaba da zama, ƙafar za ta sandare gaba ɗaya, ba mai iya tayar da ita.

Ita ce ta kira ni. Ta ce, “Malam Akawu, ka zo ka ce yawon ganin gari ya kawo ka. Na san halinsa, ba zai bar baƙo ya fita shi kaɗai ba.”

Na ce, “Uwargida, ni fa ban iya ƙarya ba.”

Ta ce, “Ina ƙaryar take? Ka taɓa ganin garin ne?”

Na zo da takarda mai ɗauke da wurare goma sha huɗu, kowanne da ranarsa da sa'arsa. Na same ka a hawa na uku, ɗaki biyu da falo, a kan wata kujera da aka jawo bakin taga, hannunta ya sha goga har ya yi sheƙi. Daga nan kake kallon titi. Mota ta wuce a ƙasa, ba ka ko leƙa ba ka ce, “Wannan bas mai lamba huɗu ce, har yau ba su gyara mata salansa ba.” Ka rame, amma muryar tana nan. Ka karɓi takardata ka karanta, ka yi dariya har da tari, sannan ka juya bayanta ka zana mini hanyoyi, ka rubuta lambobin motoci.

Ka miƙo mini ka ce, “Ka je ka gani, ka dawo ka ba ni labari.”

Matarka tana tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Muka haɗa ido. Shirinmu ya rushe tun ban cire takalmi ba sosai. A littafina na ranar na rubuta cewa na zo a banza, kuma da wani aka kira ba ni ba, da ya san abin da zai ce.

Washegari ta tafi shagonta na ɗinki, yara suka tafi makaranta. Ka ce in shiga bas mai lamba goma sha biyu, in sauka a tasha ta tara, gidan tarihi yana kallona. Na shiga, na fito da biro, duk inda mota ta tsaya sai in ja layi a tafin hannuna. Ban san cewa bas ba ya tsayawa a tashar da ba mai hawa ba mai sauka ba. Ni tsayuwa nake ƙirgawa, kai tasha kake nufi. Kafin layukana su cika tara, dogayen gine-gine sun ƙare, an fara ganin filaye. Na sauka. Kunya ta hana ni tambaya. Na tsallaka titi na shiga motar farko da ta nufi baya ba tare da na duba lambarta ba, don a garinmu hanya ɗaya ce, duk motar da ta juya gida za ta kai ka. Wannan ta kai ni wata unguwa dabam. Na duba waya, caji ya kusa ƙarewa. Dole na kira ka.

Ka ce, “Me kake gani a gabanka?”

Na ce, “Shago.”

“Akawu, shago dubu nawa ne a garin nan? Ɗaga kanka sama, don Allah.”

“Akwai wani dogon tankin ruwa. An shafa wa rabinsa fenti, an bar rabi.”

Ka yi salati. “Me ya kai ka can? Ni da na tsufa a kan hanya sau biyu na taɓa zuwa wurin nan. Zauna a ƙarƙashinsa. Ko gobara ta tashi kada ka motsa.”

Wayar ta mutu.

Awa biyu da minti goma na yi a ƙarƙashin tankin. Na ɗauka wani za ka aiko. Wata mota ta zo ta tsaya, ƙofa ta buɗe, sanda ta fara leƙowa, sannan ƙafar dama, sannan ta hagu a hankali. Kai ne, da silifas ɗin wanka, hula a karkace, riga sharkaf da gumi. Direban ya taso zai riƙe ka, ka ture hannunsa. Tun daga nesa kake faɗa: “Tara na ce maka, tara!” Ni kuwa hawaye kawai nake yi. Ka ce, “Kuka kuma? Ni na sauko matakala arba'in da biyu, kai ne da kuka?”

Daga baya wata maƙwabciyarku ta gaya mini yadda aka yi. Hawa na farko da zaune ka sauko shi, matakala ɗaya bayan ɗaya. Da ka ji motsin mutane a ƙasa sai ka kama ƙarfen bene ka miƙe, ka ƙarasa sauran a tsaye. Ta ce za ta kira maka wani, ka ce babu wanda zai gane wurin sai kai.

Ka zauna kusa da ni har numfashinka ya dawo. Sannan ka dube ni ka ce, “Yunwa nake ji.”

Ba gida muka nufa ba. Ka kai ni babbar tashar bas-bas, bayan garejin, inda wata mata take sayar wa direbobi abinci a rumfar kwano. A bakin rumfar ka ɗan tsaya. Sai matar ta ɗago kai, ludayi ya suɓuce mata cikin tukunya, ta rangaɗa ihu: “Lallaɓa!” Kafin ka ce wani abu direbobi sun yi caa a kanka. Masu buga tebur na bugawa, wani ya ruga mota ya danne ham bai ɗaga ba. Wani dattijon direba ya kalli ƙafarka sama da ƙasa ya ce, “Dama can ba sauri ne da kai ba, me ka rasa?” Ka yi irin dariyar da na fi shekara ban ji ba. Aka kawo shinkafa da gasasshen kifi. Matar ta ɗauke gishiri daga gabanka, ta ce ta ji abin da likita ya faɗa. Ka ce ashe har nan matarka ta kafa 'yan sanda. Ka cinye tas, ka sa hannu a nawa.

Kwana biyar ɗin da suka biyo baya ban taɓa yin irinsu ba. Takardata ka naɗe ta ka cusa a aljihu, ka ce gari ba a ganinsa da yunwa. Ka san gidan burodin da ke bayan asibiti, da daidai lokacin da ake fito da shi daga tanda, sai mun riƙa juya shi daga hannu zuwa hannu don zafi. Ka san mai kifin da ke ƙarƙashin gada, wanda ba ya soyawa sai ka nuna wanda kake so da yatsa. Ka san mai shayin da ba ya tambayar kowa yawan sukari, kallon fuska kawai yake yi. Duk inda muka shiga, sai an sami wanda ka taɓa jira a tasha, ko wanda ka mayar wa jakar da ya manta a mota.

Da muka je gidan tarihin, a bakin ƙofa ka rage murya ka ce, “Kada ka gaya wa kowa, ban taɓa shiga ba.” Shekara goma sha tara kana sauke mutane a wurin! Haka gidan namun daji, haka dogon benen nan da ake hawa a hango gari. A can sama ni na manne da bango, kai kuwa ka jingina da gilashi kana nuna mini hanyarka da sanda, daga tashar farko har ta ƙarshe, kana faɗin inda rami yake da inda ruwa ke taruwa da damina. Cikin wurare goma sha huɗu, biyar muka gani. Wuraren cin abinci kuwa goma sha ɗaya na rubuta. Na koma gida wando ya matse ni.

Akwai abin da ya kamata in faɗa yau. Ranar da zan tafi, matarka ta raka ni bakin bene ta ce a hankali, “Malam Akawu, ban san kana da wayo haka ba. Wa ya ba ka dabarar ɓacewa?” Na bar ta a haka. Fiye da shekara biyu ina cin yabon da ba nawa ba. Uwargida, ki yafe mini: wallahi ɓatan gaske na yi. Babu dabarata ko ɗaya a ciki. Mijinki ne kawai Allah Ya yi shi da irin zuciyar da ba ta iya saukowa don kanta, amma ta sauko don wani.

Daga ranar ba ka sake wuni a ɗaki ba. Kamfanin da ka yi wa tuƙi ya dawo da kai kana koyar da sababbin direbobi. Sai ka cika kofi da ruwa ka ɗora a gaban mota, wanda ya zubar a sake zagaye. An ce suna ƙorafi, an kuma ce duk wanda ya fito daga hannunka fasinja suna gane shi. Ƙafar ba ta warke duka ba, amma ta kai ka duk inda ka so.

Ranar Larabar nan ma fita ka yi da safe, ka je kasuwa ka yi wa gida cefane. A hanyar dawowa ka zauna a bencin tasha kana nuna wa wani baƙo motar da zai shiga. Ya ce kana cikin magana ka jingina kai kamar mai gyangyaɗi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. A wurin jana'izarka titin gidanku bai ɗauki mutane ba. Direbobi suka riƙa zuwa rukuni-rukuni, waɗansu su yi gaisuwa su koma su karɓi mota, don waɗanda ke kan hanya su ma su samu zuwa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Duk wanda ya taɓa jira a hanya, duk wanda ya ciyar, Ka sanya masa a mizani. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, da 'yan'uwansa, da 'ya'yansa uku, da abokan aikinsa. Ke kuma Uwargida, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya, Ya raya miki yaran nan, Ya saka miki da alheri. Abin da kika ji wa tsoro bai faru ba. Mutuwa ba ta same shi a kulle a ɗaki ba. A waje ta same shi, cikin mutane, yana nuna wa wani hanya.